Tuwon Bakin Rijiya

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, sai ƙarar injin haƙa ta taso daga kusurwar gonata ta gabas, irin ƙarar nan mai shiga har cikin haƙori. Samarin ƙungiyar garinmu ne suka haɗa hannu suka ɗauko masu haƙar burtsatse. Kafin la'asar wai har sun tarar da ruwa. Yini ɗaya fa! Yara na ta tsalle, mata na ta guɗa daga cikin gidaje, ni kuwa ina zaune zuciyata ta yi nauyi, na kasa ko murmushi. Jikokina suka ce tsufa ne ke damun Baba. Ba tsufa ba ne. Wata magana ce da na daɗe ina haɗiyewa, ƙarar injin nan ta tono ta, kuma tunda ta fito bari in faɗe ta kafin a kai ni inda ba a magana.

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai gane yadda taƙi ɗaya na ƙasa ke da tsada a wurinmu ba. Mu ba mu da daji. Gona na manne da gona, daga bayan dangar gidanku har bayan dangar ƙauyen gaba, ba abin da ya raba su sai layin lalle ko tushen gamba, sai gawo da kuka da ɗorawa da kowa ya san mai su. Da rani jakuna ke ta safara da mangalar taki, da damina kuwa ko akuya ba a saki. Yanzu yara na ganin fili su ce ba na kowa ba ne, a da ko tururuwa ta yi gida mun san a gonar wa ta yi. Saboda haka duk abin da gari zai yi na kowa da kowa, masallaci ne ko makaranta ko rijiya, sai an yanko shi daga cikin abincin wani. Ba ƙaramar kyauta ba ce mutum ya ce ga kusurwar gonata.

Ina saurayi, gemu bai gama fitowa ba, fari ya sauko mana. Damina ta zo ta yi mana leƙe ta koma. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa ta ƙi, kududdufin da muke wanka muna yara ya tsattsage har ƙafa na shigewa. Rijiyoyin gari biyu suka koma ba da laka, daga baya lakar ma ta ƙare. Sai wata rijiya can a ƙauyen yamma, tafiyar da in ka fita da sassafe ba ka dawowa sai rana ta take, ruwanta kuma zartsi, in ka sha harshenka ya yini yana tuna maka. Mahaifina ya riga ya rasu, daga ni sai Inna. Jakinmu ya mutu a farkon farin, don haka ni da ita muke ɗaukar tulu. Na sha ce mata ta zauna ni in je sau biyu, ta ce ita ba gyambo gare ta ba. Mace ce gajera mai kaifin baki, daddawa take yi, kuma ba ta taɓa roƙon ko gishiri a gidan maƙwabta ba.

Dattawa suka zauna a ƙofar masallaci suka ce zaman jiran sama ya isa, a haƙa sabuwar rijiya mai zurfi, gari duka ya fito. Da aka duba inda ake sa ran ruwa, sai hankali ya tsaya a kan wani kwari inda wani ɓaure ya ƙi zubar da ganye duk tsananin ranin. Wurin a cikin gonar mahaifin abokina yake. Ba zan kama sunan abokin nan ba, jikokinsa na nan suna gaishe ni, ba su san komai ba. Zan ce masa mutumina, don haka muke kiran juna tun muna kiwon awaki. Tsohonsa bai ko bari an gama roƙo ba, ya ce ya bayar don Allah, shi da zuriyarsa ba su da komai a wurin sai gugansu kamar kowa. Ba a rubuta ba. Ba a dasa lalle an zagaye wurin ba, don a lokacin in dattijo ya yi magana ka ce bari a sa iyaka, ka zage shi ke nan. Amma shi da kansa ya kafa sharaɗi guda wanda ya ba mu dariya. Ya ce duk wanda zai yi aikin nan ya zo da abincinsa daga gida, kada wanda ya sha ko ruwan gidansa har a gama.

Mu samari muka koma gefe muna cewa tsohon nan akwai rowa, ya ba da ƙasa ya hana kunu. Alhali mun san al'adar sarai, wauta ce kawai ta hana mu haɗa ta da maganarsa. A wurinmu aikin taro iri biyu ne. Akwai gayya: mutum ya kira ku gonarsa ko gininsa, ku yi masa aiki, ya cika muku ciki da tuwo da fura, kowa ya watse, abin da aka yi kuma nasa ne shi kaɗai, don ya biya ku da abinci. Akwai kuma aikin gari, wanda ba mai ciyar da wani, kowa da ƙullinsa, abin da aka yi na kowa ne. Bambancin ke nan, ba wani ba: tukunyar wa aka ci. Tsohon nan yana kare mu daga gidansa ne, mu kuwa muna yi masa dariya.

Rani biyu muka yi muna haƙa. Ni da mutumina ne aka fi zurawa ƙasa, don ba mu da jiki kuma ba mu da tsoro. Har yau in na rufe ido ina jin yadda sauti ke canzawa a can ciki. Maganar mutanen sama takan iso maka kamar daga cikin tulu, bugun diga kuwa ya dawo maka a ƙirji, in ka ɗaga kai sama ta zama ɗan faifai. Muka wuce rairayi, muka wuce jar ƙasa, muka tarar da marmara wadda ta cinye mana kusan wata biyu, kullum sai maƙeri ya sake wasa bakin diga. Da azahar a jawo mu mu zauna a inuwar ɓaure, kowa ya kwance abin da Allah ya hore masa, wani dusa da aka dama, wani garin rogo, ni kwaɗon rama na Inna. Mutumina yakan sa hannu a ƙwaryata mu ci tare, ni kuwa tsohonsa ya hana in taɓa tasa, yana zaune yana kallo da sandarsa. Akwai ranar da gefen ramin ya zubo ya binne ni har ƙugu. Mutumina ne ya sauko ba ko igiya a jikinsa, ya tone ni da hannu har farcensa ya cire. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na ɓoye alherinsa.

Ranar da ruwa ya zo, ni ne a ciki. Na ji ƙasa ta yi sanyi a tafin ƙafata, na sake sara, sai ga shi yana tsattsafowa a hankali, baƙi-baƙi. Na cika hulata da laka na sa a kwando aka ja. Sai na ji kabbara ta sauko mini, bayanta guɗa. Da aka fito da ni na ga manyan mutane masu furfura suna kuka ba kunya. Aka sari itacen kirya aka yi gungume huɗu aka ɗaure bakin rijiyar da su, sannan dattawa suka sa masassaƙi ya yi wa kowane gida ɗan gurbi a jikin gungumen, inda igiyar gugansu za ta riƙa bi. Gidan da ya yi haƙa shi ke da gurbi. Namu shi ne na uku daga gabas. Shekara da shekaru igiya na cin itacen, gurabun suka yi zurfi suka yi santsi har suna ƙyalli, kuma kowanne da kukansa. Daga kan gadona da asuba nakan gane Inna ce ke jan ruwa, don nata gurbin wani siririn kuka yake yi kamar ɗan tsako. Baƙo in ya zo sai ya ari gurbin wani, ba a hana shi, amma ya san aro ya yi. Wannan ita ce takardarmu, ba mu da wata.

Aka yi shekaru kamar goma ana shan ruwa lafiya. Na yi aure, na haihu. Tsohon ya rasu, dattawan da suka ji kyautarsa da kunnensu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutumina ya gaji gonar, ya shiga fataucin albasa tsakanin kasuwar Ɗambatta da Kano, ya yi ɗan ƙiba, ya sayi keke sannan babur. Ban yi masa hassada ba, Allah ne shaida, nakan ma yi alfahari in ce mutumina ne. Sai fari ya sake dawowa, wannan karon da yunwar da ta fi ta farko. Gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya, wasu ko sau ɗayan sai an yi dabara. Maza suka watse cin rani. Rijiyoyin ƙauyukan kewaye suka ƙafe, tamu ce kaɗai ta tsaya sai ta zartsin nan ta yamma, har daga nesa ake zuwa da jakuna. Saboda yawan turmutsutsu bakinta ya fara zubewa ta ƙarƙashin gungumen. Wannan gaskiya ne, kowa ya gani, ba wanda ya ƙirƙira.

Wata Juma'a mutumina ya miƙe bayan salla ya ce shi zai kawo siminti da rodi, a fito ranar Lahadi a ɗaure bakin rijiyar da kankare kafin ta rufta da wani. Muka yi ta sa masa albarka, ni har na rungume shi. Ranar Lahadi da muka iso da kwandunan yashi, abin da ya fara tarar mu ƙanshi ne. An yanka bunsuru biyu. Ga manyan tukwane an jera a gindin ɓaure, ga buhun dawa an kai niƙa an dawo, matan gidansa na ta kai da kawo. Ku da kuka tashi kuna zaɓen abinci ba za ku gane ba. Wata uku ke nan nama bai shiga bakina ba, tuwon dawa mai kauri kuwa tun kaka. Sai aka ce itace ya kasa, don a shekarar ko kara ya zama abin nema. Mutumina ya nuna gungumen nan huɗu da aka ciro aka jingine gefe, ya ce ai waɗannan sun gama aikinsu, a faskara su. Ya miƙo mini gatari yana dariya, ya ce duk garin ba wanda ya kai ni hannu. Na ji daɗin yabon. Kirya itace ne mai taurin tsiya, sai na lura ta bakin gurabun ya fi saurin tsagewa, don haka nan na riƙa saran. Gurbin gidanmu ma da hannuna na raba shi biyu.

Ina cikin haka Inna ta iso da guganta. Ta tsaya ta dubi tukwanen, ta dubi itacen da ke ci a ƙarƙashinsu, sannan ta dube ni.

"Tuwon wa ake tuƙawa?"

Na ce na mutumina ne, sadaka ya yi ganin halin da ake ciki.

"A bakin rijiyarku za ku ci tuwon wani? Ubansa ko ruwan gidansa bai bari kun sha ba."

Na yi dariya, wallahi dariya na yi mata a gaban mutane, na ce Inna wancan zamanin ya wuce, wannan ɗin ɗan'uwana ne, shi ya tone ni daga cikin ramin nan. Ta naɗe igiyarta ta juya gida da tulu babu ruwa. Mu kuwa muka yi aiki har azahar, muka zauna muka ci. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa cin tuwon da ya kai wannan daɗi ba, kafinsa ko bayansa. Malmala uku na tashi da su, na suɗe hannu, har na ƙulle tsoka biyu a leda na kai wa Inna. Ta ce in ba yara.

Abin bai zo gaba ɗaya ba, a hankali ya zo, yadda ba za ka san ranar da za ka yi ihu ba. Da kankare ya bushe aka sa murfin ƙarfe, wai saboda awaki da ƙananan yara, muka ce madalla. Bayan sati biyu aka ja ƙananan kunyoyi a kewayen wurin aka dasa albasa, muka ce ai gonarsa ce. Sai danga ta zagaye albasar da rijiyar duka, da 'yar ƙofa guda. Ranar da na tarar da kwaɗo a jikin murfin, mata na tsaye da tuluna suna jiran a zo a buɗe, na tafi gidansa kai tsaye. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, ya ce in kwantar da hankalina, ni da gidana ko da tsakar rana muka aiko za a buɗe mana. A nan na gane. Ni da na shafe rani biyu a cikin ramin nan, yau alfarma ake yi mini.

Muka kai ƙara gaban dagaci, mu wajen ashirin. Dagacin mutumin kirki ne, da ganin fuskarsa ka san inda zuciyarsa take, amma sai da hujja. Ya tambayi dattawan da suka ji kyautar daga bakin tsohon. Saura mutum ɗaya a raye, shi kuma surukin mutumina ne, ya sunkuyar da kai ya ce ya tsufa, abubuwa sun shige masa. Ya tambaya ko an dasa iyaka, muka ce a'a. Ya ce to a kawo gungumen, in ya ga gurabun gidaje da idonsa magana ta ƙare. Ba wanda ya iya ɗaga kai. Mutumina ya gyara zama ya ce shi abin da ya sani rijiya a gonarsa take, da ta lalace ya kira gayya, ya kawo kaya, ya ciyar da jama'a, kamar yadda kowa ke yi a kan abinsa. Sannan ya juyo, duk cikin mutanen nan ni ya zaɓa.

"Mutumina, ka ji tsoron Allah. Ka ci tuwona ko ba ka ci ba?"

Na ce na ci.

"Itacen fa, wa ya faskara?"

Na ce ni ne.

Iyakar shari'ar ke nan. Dagaci ya roƙe shi ya dubi Allah ya riƙa buɗe wa mutane da safe, ya ce ai dama bai hana kowa ba. Muka taso. Ba kwaɗon ne ya fi ƙona mini rai ba. Abin da har yau ke tashe ni zaune shi ne ya san yunwar da ke cikina, ya san yabo na sa ni rawar jiki, ya san ba zan yi ƙarya a gaban dagaci ba, duk ya lissafa ya yi aiki da su. Wanda bai san ka ba ba zai iya yi maka haka ba. An ci amanata, kuma da hannuna aka ci.

Mutane suka saba, don ƙishirwa ba ta jiran zuciya ta huce. Da safe a yi layi a ƙofar danga, a gaishe da mai lambu, a ja ruwa, a yi godiya. Matata ma ta aika, ban hana ba. Inna ce kaɗai ba ta sake taka wurin ba. Ta koma rijiyar zartsin nan ta ƙauyen yamma, da tsufanta, da ƙafarta mai kumburi. In na kawo mata ruwa sai ta ɗanɗana a bakin moɗa, in ta ji daɗinsa ta ture, ta ce ita ba ta shan ruwan roƙo. Dole na koma ɗebo mata na zartsin. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Da ciwon ajali ya kama ta, wasiyya ɗaya ta bar mini, kada a wanke ta da ruwan rijiyar nan. Ranar da ta cika mutumina ya aiko da garwa huɗu cike, tun kafin a nema. Na ce a mayar masa. Na ɗauki tulu na nufi yamma, mutane na zaune suna jirana da gawa, na je na dawo.

Daga wannan shekarar aikin gari ya mutu a garinmu. In aka ce a fito a gyara hanya ko a rufe ajin makarantar da iska ta yaye, sai ka ji wani ya ce tuwon wa za a ci, a yi dariya, kowa ya koma gidansa. Shekaru muka yi a haka, ajin nan har ya rushe ba wanda ya ɗora masa kara. Shi ya sa da samarin ƙungiyar nan suka fara yashe magudanai da gyaran maƙabarta ina dai kallo. Da suka zo neman wurin burtsatse, masu aunawa suka ce kusurwar gonata ce ta fi, na ce na bayar don Allah, amma da sharaɗi. A rubuta, a kira shaidu, a kafa iyaka da bulo, babban ɗana ya sa hannu cewa shi da 'ya'yansa ba su da komai a wurin. Shugabansu, yaro mai ladabi, ya ce haba Baba, ai kalmarka ta isa. Na ce masa na ga kalmar wanda ya fi ni, ba ta kai shekara goma sha biyar ba.

Ɗana ne ya tsaya da biro a hannu. Yaron nan bai taɓa saɓa mini ba, shi ke noma gonar, shi ke kai ni asibiti. Ya yi ƙasa da murya yadda baƙi ba za su ji ba.

"Baba, ni kake zargi?"

Na so in ce masa a'a. Na so in ce masa mutumina ma ubansa bai zarge shi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, sa hannu. Ya sa, bai dube ni ba, kuma tun ranar gaisuwarsa ta safe daga bakin ƙofa take tsayawa.

Shekaranjiyan da ake haƙa, matar ɗana, baiwar Allah, ta dafa shinkafa da wake babbar tukunya, ta sa aka ɗauko za a kai wa masu aiki. Na tare ta a zaure da sandata na ce a mayar, ko ruwan randar gidan nan kada a ba su. Aka mayar. Da yamma samarin suka biyo ta ƙofar gida da laka a ƙafafunsu, suka durƙusa suka gaishe ni, suka wuce. Kunnena bai mutu ba tukuna. Kafin su sha kwana na ji ɗaya na ce wa ɗan'uwansa, tsohon nan akwai rowa, ya ba da ƙasa ya hana shinkafa. Suka yi dariya, ban kira su ba.